Gwanjon Tsofaffin Kayan Sauti: A Auna Aljihu Kafin A Ɗaga Hannu

Wani al'amari ya kunno kai a kasuwannin duniya cikin 'yan shekarun nan wanda ya kamata ma'aikatanmu da ɗalibanmu su dube shi da idon basira, domin kuwa ya fara shiga hirarsu, ya kuma fara taɓa aljihun waɗansu daga cikinsu. Al'amarin shi ne yadda tsofaffin kayan sauti, watau garmaho da rikoda da amfilifaya da manyan lasifikokin nan masu akwatin katako, waɗanda aka daɗe da jingine su a ɗakunan shirgi, suka sake yin daraja har ana rububinsu a wuraren gwanjo na Ingila da Amurka da Japan. Tun da yake yanzu mutum yana iya zama a ɗakinsa ya yi tayi ta wayar hannu a gwanjon da ake bugawa a wata nahiya, to, ya zama wajibi a yi wa jama'a bayanin abin da ke cikin wannan ciniki na alheri da na asara.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, sayen irin waɗannan kaya ba laifi ba ne, har ma akwai hikima a cikinsa, muddin mai saye ya san abin da yake saye, ya tanadi wanda zai gyara masa, ya kuma saya don ya saurara. Amma wanda ya shiga gwanjo don alfahari, ko don zaton cewa ya sami hanyar kuɗancewa, to, ya shirya yin da-na-sani. Bayan wannan kuma akwai magana mafi nauyi da ta shafi hukuma, wadda zan zo kanta daga baya.

Asalin kayan

Abin da Turawa ke kira hi-fi shi ne na'urar da ke maido da murya da kiɗa kusan kamar yadda aka ɗauke su, ba tare da ƙari ko ragi ba. Sana'ar ƙera ta ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan nan mai juyi 33 da sulusi a minti ɗaya, a 1949 kuma kamfanin RCA ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45. Zuwa 1958 faifan sitiriyo, mai raba sauti tsakanin lasifikar dama da ta hagu, ya shiga kasuwa. A wannan zamani ne sunaye irin su McIntosh da Marantz na Amurka, da Quad da Garrard da Tannoy na Ingila, suka yi fice. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya kawo kaset a 1963.

Daga nan sai Japanawa suka karɓe ragamar kasuwar, musamman cikin shekarun 1970. Kamfanonin Pioneer da Sansui da Kenwood da Akai da Sony da Technics suka shiga gasar wa zai fi wani ƙarfi da inganci. A 1972 ne Technics ya fito da garmahon nan SL-1200, wanda har gobe masu saka faifai a wuraren biki ke yabon juriyarsa. A 1978 Pioneer ya ƙera SX-1980, rediyo da amfilifaya a haɗe, mai ƙarfin wat 270 a kowane gefe, mai nauyin kilo 35. Irin waɗannan ne a yau ake kai ruwa rana a kansu in an fito da su gwanjo. Bayan da faifan CD ya bayyana a 1982, sai mutane suka juya wa garmaho baya, aka yi ta zubar da shi. Sai ga shi zamani ya juyo: ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta bayyana cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41 a ƙasar, alhali faifan CD bai wuce miliyan 33 ba, kuma rabon da a ga haka tun 1987. Wanda ya sayi faifai kuwa dole ya nemi abin saka shi, shi ya sa farashin tsofaffin na'urori ya tashi.

Masu sha'awar waɗannan kaya suna da hujja, kuma ba za a raina ta ba. Sukan ce da tsohuwar zuma ake magani. Na'urar wancan zamani an ƙera ta ne da nufin a riƙa buɗe ta ana gyarawa. An ɗaure ta da kusoshi masu kwancewa, kayan cikinta manya ne waɗanda hannun mai gyara ke iya kamawa, kamfanoni kuma sun buga littattafan gyara masu ɗauke da taswirar kowace waya. Kazalika tun 1974 hukumar ciniki ta Amurka ta tilasta wa masu ƙera amfilifaya su faɗi ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, don haka in aka rubuta wat 50 a jikinta, to, wat 50 ɗin ne. Wannan ya sha bamban da akwatunan roba da ke cika kasuwa ana rubuta musu dubban wat, alhali ba su iya cika falo da sauti mai daɗi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, tsufa shi kaɗai ba shaidar nagarta ba ne. A wancan zamanin ma an ƙera kayan banza masu ɗimbin yawa, kuma shekara hamsin ba ta mai da su na kirki ba. Bugu da ƙari, akwai ƙananan amfilifayoyi na zamani waɗanda in an auna su da na'urar gwaji sukan fi tsofaffi da yawa tsabtar sauti, ga arha, ga ƙarancin cin wuta. Saboda haka duk mai son tsohuwar na'ura ya kamata ya faɗa wa kansa gaskiya cewa yana biyan kuɗin kyan ƙira ne da tarihi da sauƙin gyara, ba lalle sauti mafi kyau a duniya ba.

Yadda gwanjo yake

Gwanjo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma na ƙasashen waje yana da ƙa'idodin da mai tayi daga nesa yakan jahilta. Na farko shi ne la'ada. A kasuwanninmu dillali yakan karɓi la'adarsa bayan an sallama, kowa ya san abin da zai bayar. A can kuwa, tun shekarar 1975 manyan gidajen gwanjo biyu na London, Christie's da Sotheby's, suka ɗora wa mai saye la'adar kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin da aka sallama. Sauran gidaje suka bi sahu, la'adar kuma ta yi ta hawa, har yanzu ba abin mamaki ba ne a tarar da kashi 20 ko 25 cikin ɗari. Misali, in aka sallama wa mutum amfilifaya a kan fam 400 a gidan da ke karɓar kashi 25, to, fam 500 zai biya. Bai kuma taɓa kuɗin ɗauri da na jirgi da na inshora da na kwastan ba tukuna. Na'ura mai kilo 20 ko 30 kuwa, sau da yawa kuɗin kawo ta yakan yi kafaɗa da kafaɗa da kuɗin sayenta.

Na biyu, kayan gwanjo ana sayar da su ne a halin da suke ciki. In an rubuta cewa ba a gwada na'ura ba, mai hankali sai ya ɗauka ba ta aiki, ya yi tayinsa a kan haka. In an ce tana kamawa, to, abin da ake nufi kawai shi ne fitilarta na haske in an kunna, ba a ce tana fid da sauti ba. Hausawa sun daɗe da hana cinikin biri a sama, sayen na'ura da hoto kuwa ɗan'uwansa ne. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke mai suna George Akerlof ya yi bayani a 1970, yana misali da tsofaffin motoci, cewa duk kasuwar da mai sayarwa ya fi mai saye sanin aibin haja, to, kayan banza ne za su riƙa yawa a cikinta, domin mai na kirki ba zai yarda ya sayar a farashin da ake taya na banza ba. Wannan nazari na cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001, kuma ya dace da kasuwar tsofaffin kayan sauti ƙwarai.

Na uku shi ne zafin gasa. A 1971 waɗansu injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield suka lura cewa kamfanonin da ke cin gwanjon filayen haƙar mai a Tekun Meziko sau da yawa ba su samun ribar da suka zata. Dalili kuwa a fili yake: in mutum goma suka kimanta abu ɗaya, wanda ya fi kowa wuce gona da iri wajen kimantawar shi ne zai yi tayi mafi tsoka, shi kuma za a sallama wa. Watau cin gwanjo da kansa alama ce ta cewa mai yiwuwa ka biya fiye da kima. Maganin wannan guda ɗaya ne, shi ne mutum ya rubuta iyakar abin da zai iya biya tun kafin a buga ƙararrawa, ya haɗa da la'ada da sufuri da gyara, in tayi ya wuce nan ya janye hannunsa ko da da fam ɗaya ne.

Na huɗu, akwai maguɗi. Wani mai kaya yakan sa abokinsa ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don a ɗaga farashi a kan mai so da gaske. Malaman fiƙihu sun halatta cinikin wa-zai-ƙara, amma sun haramta wannan dabara wadda suke kira najashi, dokokin ƙasashe da dama su ma sun ɗauke ta a matsayin zamba. A dandalin gwanjo na intanet, irin su eBay da aka kafa a 1995, gane mai yin haka yana da wuya ga wanda ke nesa. A nan ma iyakar da mutum ya yanka wa kansa ita ce garkuwarsa.

Wuta da gyara

A ce an sallama, kaya sun iso lafiya. Saura maganar wuta, wadda ta halaka na'urori da yawa tun daren farko. Wutar lantarkinmu tana da ƙarfin bolt 230 zuwa 240, daidai da ta Ingila. Ta Amurka 120 ce, ta Japan kuma 100. Na'urar da aka ƙera don gidajen Japan ko Amurka, in aka jona ta kai tsaye a bangonmu, hayaƙi za a gani. Waɗansu suna da maɓallin sauya ƙarfin wuta a bayansu, waɗansu kuwa sai an nema musu taransifoma mai rage wuta wadda ta isa ɗaukar nauyinsu. Akwai kuma bambancin bugun wuta: tamu tana bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka da ta yammacin Japan 60. Taransifoma ba ta gyara wannan. Garmahon da motarsa ke bin bugun wuta, in an ƙera shi don 60 aka kawo shi nan, faifan da ya kamata ya yi juyi 33 da sulusi zai yi kimanin 28 ne, sai a ji muryar mawaƙi ta yi kauri tana jan ƙafa. Don haka kayan da suka fito daga Ingila ko sauran Turai sun fi dacewa da mu. Ban da wannan, ga yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, ga ta janareto marar daidaito, saboda haka sitabilaiza mai kyau na cikin kuɗin da za a lissafa.

Sa'an nan akwai abubuwan da shekaru ke cinyewa ko da ba a taɓa kunna na'ura ba. Ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe wuta da masu gyara ke kira kafasito suna da ruwan magani a cikinsu wanda ke bushewa. Bel ɗin roba na garmaho da na rikoda yakan saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. Soson da ke kewaye da bakin lasifika yakan ruɓe. Allurar garmaho tana da iyakar sa'o'in aiki, wadda ta cinye kuwa tana ɓata faifai ɓarnar da ba ta gyaruwa. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna ƙara gaggauta duk wannan. Amfilifaya mai bawul kuma tana ɗauke da wuta mai ɗaruruwan bolt a cikinta, wadda ke iya zama a maƙale bayan an kashe, don haka ba abin da ɗan koyo zai tura wa hannu ba ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi na'ura mai shekara hamsin ya san zai ziyarci mai gyara. Ya kamata ya san mai gyaran kafin ya yi tayi.

Game da masu cewa wannan hanya ce ta ajiye dukiya, ina ganin suna yi wa rogo kallon kitse. Farashin da ake yayatawa na 'yan ƙalilan ne daga cikin dubban samfura, waɗanda ba a taɓa canja musu komai ba, kuma a kasuwar da masu saye suke da yawa. Ma'aikacin da ya canja albashinsa zuwa fam ko dala ya sayo na'ura, ranar da ya matsu ya so sayarwa a nan gida, zai tarar masu tayi ba su da yawa, kuma ba wanda zai maido masa da kuɗin jirgi da na kwastan. Ɗalibi kuwa da ke neman kuɗin rajista ba shi da abin yi a wannan fage, sai dai kallo da koyon ilmin da ke ciki.

Abin da ke gida

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar duba aikin gwamnati a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, aka kuma biya ma'aikata ƙarin albashi haɗe da ariyas a 1975. Dattawan da suka ga zamanin sun san cewa babura da firiji da kayan sauti na cikin abubuwan da aka yi ta saye da wannan kuɗi. Watau ainihin samfuran Japan da ake rububi a ƙasashen waje yau sun shigo ƙasar nan sababbi fil, an kuma kawo su ne daidai da wutarmu. Da yawansu suna nan a ɗakunan ajiya na gidajen iyayenmu, waɗansu kuma sun tafi hannun 'yan gwangwan a kan kuɗin kilo, an farfasa su don a ciri jan ƙarfen da ke ciki. Ashe kafin mutum ya kai kuɗinsa gwanjon London, hankali shi ne ya fara leƙa ɗakin shirgin gidansu, ya kuma zagaya wurin tsofaffin masu gyaran rediyo na garinsu, inda zai ga na'ura da idonsa ya ji ta da kunnensa.

Mai karatu zai iya cewa, a lokacin da jama'a ke fama da tsadar abinci, ina ruwanmu da garmaho? Amsa ita ce, waɗannan na'urori su ne mabuɗin wata taska da ba mu da irinta. Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge, da jawaban shugabanninmu na farko, da karatun malamai, da wasannin kwaikwayo na rediyo, da hirarrakin da masu bincike suka yi da dattawa kan tarihin garuruwa, duk a kan faifan garmaho da tef mai ƙwarya da kaset aka ɗauke su. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna kaɗai ya fara aiki tun 1962. Tef ba ya magana sai da na'urarsa. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa an daina ƙera injunan sauraron tef, kayan gyaransu na ƙarewa, masu iya gyaran suna tsufa, har suka ambaci wajejen 2025 a matsayin lokacin da kwafe tef zai daina zama aiki mai sauƙi. Shi kansa tef ɗin yana lalacewa, domin wani irinsa yana shan laima ya riƙa danƙo yana zubar da abin da aka ɗauka a kansa. Ga wannan dalili ne ma'ajiyoyi na ƙasashen waje ke bin tsofaffin injunan Studer da Revox da Ampex da Nagra suna saye, ko da matattu ne, don su sami kayan gyara.

Saboda haka ina kira ga hukuma da abubuwa uku. Na ɗaya, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi yadda za a rabu da kadarorin hukuma ta hanyar tayi a bainar jama'a. Ya kamata a ƙara wa jami'an da ke tantance kayan da za a yi gwanjonsu umarni cewa duk wata na'urar ɗaukar sauti ko ta saurare da ke gidan rediyo ko ma'aikatar watsa labarai ko jami'a, kada a sa ta cikin tarkacen kujeru da tayoyi sai masani ya duba ta. Na biyu, waɗanda aka tarar suna da amfani a miƙa su ga wuraren adana tarihi, irin su Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa da sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, a kuma ba su kuɗin kwafe tef zuwa kwamfuta tun da sauran lokaci. Na uku, kwalejojin fasaha su jawo tsofaffin masu gyaran rediyo su koya wa matasa wannan sana'a, domin ilmin yana kawunansu ne, ranar da suka kau kuwa ya tafi da su.

Ga ɗaiɗaikun jama'a kuma, wanda Allah Ya hore wa, yana kuma son jin faifai kamar yadda iyayensa suka ji, ya saya, amma ya karanta sharuɗɗan gidan gwanjo tukuna, ya tambayi irin wutar da na'urar ke sha, ya nemi a nuna masa hoton cikinta, ya lissafa la'ada da sufuri da gyara, sa'an nan ya tsaya a kan iyakarsa. Wanda kuma ya gaji akwatin faifai ko kaset daga mahaifinsa, ya ajiye shi a inuwa nesa da laima, faya-fayan a tsaye, ya kuma sanar da masu adana tarihi abin da ke hannunsa kafin ya kira mai sayen gwangwan. Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.